Ƙarfe Ɗaya Na Mutum Biyu

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki ne don zumunci ya wajabta, ba don raina yana so ba. Mun iso gida lafiya. Ƙafata ta kumbura saboda zaman mota, amma ta sace. Maman Allura lafiyarta ƙalau. Allura ma jiki da sauƙi, sai dai tun da muka dawo ba ta ce uffan a kan tafiyar ba, kuma ke kin san bakin yarinyar nan ba ya hutawa.

Kada ki wahalar da kanki da kira, na rufe lambarki. In na ji muryarki yanzu zan faɗi abin da ba zai gogu ba. Shi ya sa na ba direban da yake kawo mini yadi daga wajenku wannan takarda.

Ke kin fi kowa sanin asalin alkawarin nan. Lokacin da Allura take kwance a asibiti, ko kofi ba ta iya ɗagawa, ke ce kika riƙa turo mata hotunan jirgin lilon nan na wurin aikinku, mai hawa dogo har sama ya gangaro da mutane suna ihu. Ni kuma da bakina na ce mata, ki tashi kawai, ni da ke za mu hau, kujera ɗaya, hannunki a cikin nawa. Da maganar nan na riƙa lallashinta tana haɗiye magani.

To ta tashi. Na rufe shago a lokacin da ɗinki ya yi mini yawa, muka sha doguwar hanya, muka bi layi rana tana gasa mu. Aka auna tsawonta a jikin allon ƙofa, ta wuce alamar har tana ɗaga haɓa. Muka zauna. Ma'aikacinku ya sauke ƙarfen nan a kan cinyarmu, na ji ƙas, ya kulle. Da kunnena na ji, kuma da idona na ga fitilar ta koma kore. Sai ga ki da rigar aiki da kati a wuya, kika duƙa, kika cusa hannu ta gefen yarinya, kika ɗago kika ce, "Yaya, sauko tukuna."

Auta, ni kika ce wa in sauko? A gaban 'yata? A gaban layin nan da ya kai bakin ƙofa? Kin ji abin da wani mara kunya ya ce daga baya, wai jirgin ba na dakon buhu ba ne? Kin ga wadda ta ɗaga waya tana ɗaukata ina fama in fito da ƙafata? Allura ta riƙe mini riga tana cewa, "Baba, me muka yi?"

Ki bar kwana-kwana ki faɗi gaskiya. Kin samu aiki a babban wuri, kin ga yayanki tela mai tumbi ya zo zai zubar miki da aji a gaban abokan aikinki. Na san ina da jiki, ba yau na fara ganin kaina a madubin shago ba. Amma da jikin nan na goya ki zuwa makaranta ranar da ƙusa ta soke ki a ƙafa, ba ki ce na yi ƙiba ba a lokacin.

Allura ba za ta zo miki hutu ba, kada ki gyara mata ɗaki. Yadinki da kika bar mini in ɗinka, direba zai ba ki shi yadda kika kawo, ko alli ban sa masa ba.

Yayanki, in har yanzu kina lissafi da ni.

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karɓi gaisuwar da ka jefo mini, na kuma karɓi yadina. Ina lafiya, in ban da muryata da ta dishe saboda magana a cikin ƙarar injuna. Ka gaida Maman Allura, ka shafa mini kan 'yata. Takardarka ta daɗe a hanya, motar direban ce ta lalace, ni kuma ina nan ina ta kiran lambar da ba ta shiga kamar wata mahaukaciya.

Kai ka rubuta abin da aka yi maka, bari ni ma in tuna maka abin da ka yi. Ka nuna ni da yatsa a gaban manaja da waɗanda nake shugabanta, ka ce mini 'yar baƙin ciki, ka ce albasa ba ta... a'a, ba zan maimaita sauran ba, takardar nan za ta iya faɗawa hannun Allura. Ka fizge yarinya ka tafi, na bi ku har bakin titi da rigar aiki ina kira, ko waiwaye ba ka yi ba. Ka yi mini hukunci ba ka bar ni na ƙarasa magana ba. "Sauko tukuna" na ce. Ragowar ita ce ka koma kujerar da take bayanta, shi ke nan.

Ƙarfen ya kulle, ban musa ba. Fitila ta yi kore, ban musa ba. Amma fitila ba ta da ido, abin da ta sani kawai shi ne ƙarfe ya kama. Jirgin nan tsohon yayi ne, ƙarfe ɗaya ne yake sauka a kan mutum biyu, kuma inda ya fara taɓa jiki a nan yake tsayawa. Cikinka ya tare shi tun yana sama. A ƙa'idar aikinmu, in babba da ƙarami suka zauna tare, sai mun dunƙule hannu mun cusa tsakanin ƙarfen da cinyar ƙaramin. In dunƙulen ya shige, jirgi ba ya tashi. Na cusa nawa a kan cinyar Allura, ya shige har gwiwar hannu, ban taɓa ƙarfe ba, ban taɓa ta ba. Kai ne da kanka ka laƙaba mata Allura, ka fi kowa sanin yadda ciwo ya bar ta.

Wai kunyarka na ji. Haba Yaya! Tun da safe nake gaya wa kowa yayana zai zo, har mai shara sai da na nuna masa hotonka. Da kunyarka nake ji da na kawar da kai na danna maɓalli, ka tafi kana sa mini albarka. Abin da ya fi sauƙi ke nan a ranar.

Ka hana ta zuwa hutu, wannan ikonka ne. Amma ba zan ba ka haƙuri a kan abin da in aka sake zaunar da ku gobe zan sake yi ba.

Autarku.

*

Auta,

Mun gode Allah, kowa lafiya. Ki sha ruwan ɗumi saboda muryar, ko da yake na ga dishewar ba ta taɓa alƙalaminki ba.

"Cikinka ya tare shi tun yana sama." Na gode. Abin da 'yan layi suka faɗa da baki, ke kin rubuto mini shi da tawada don in ajiye. Na karanta wa Maman Allura layin nan da ƙarfi, ta ce wai in karanta abin da ke ƙasansa. Na karanta, ban ga komai ba sai dogon turanci na mutanen da suka yarda da ƙarfe fiye da uba.

Dunƙulenki ya shige, to sai me? Ina ni nake? A gefenta nake, hannunta a cikin nawa. Hannun nan da yake ɗaga kan keken ɗinki shi kaɗai ya ɗora a tebur, shi ne zai saki yarinyar da ba ta kai nauyin bandir ɗin yadi ba? Wata nawa na yi ina riƙe da hannun nan a gadon asibiti, ana neman jijiya tana fizgewa, ban taɓa saki ba. Ke da ba ki haifa ba za ki koya mini yadda ake riƙe ɗa?

Kuma kujerar baya da kike ta faɗa, ba ita na yi alkawari ba. Kujera ɗaya na ce mata. In na zauna a bayanta, ƙeyarta zan riƙe?

Ki buɗe kunne ki ji. Na daina cin abincin dare, na rana ma rabi nake ci. Zan dawo wurin naku, ƙarfen nan zai sauka har ƙasa a gabanki da manajanki, mu hau tare kamar yadda na faɗa. Ranar ina so ki tsaya inda zan gan ki.

Yayanki.

*

Yaya,

Na gaishe ku duka. Murya ta dawo, kuma ka yi sa'a takarda ce tsakaninmu.

Maganar ban haifa ba na ji ta, ta kuma shiga inda ka aika ta. Zan ajiye ta gefe, ba don ba ta yi zafi ba, sai don akwai abin da ya fi ta.

Ka san aikin da muke fara yi kullum kafin a buɗe ƙofa? Zagayawa muke yi a ƙarƙashin dogo muna tsintar kaya. Huluna, tabarau, takalmi wari ɗaya, makullan mota, har haƙoran roba na wani dattijo mun taɓa tsinta, ya dawo nema yana magana da hannu a baki. Wayoyi kuwa kwali guda muke da shi. Ka san me masu wayar suke cewa? Duk bakinsu ɗaya: "Wallahi da hannu biyu na riƙe." Ƙarti ne, Yaya, wasu sun fi ka ƙarfi. Akwai wani tudu bayan gangaren farko, in jirgi ya haye shi da gudu komai tashi yake yi daga mazauninsa, har hanjin cikinka sai ka ji ya taso. A wurin nan mutum ba ya sanin inda hannunsa yake, balle abin da ke ciki. Ba ka taɓa hawa ba, ni kuwa na hau har na gaji, kuma har yau a wurin nan ido nake rufewa.

Batun yunwa kuma, ka daina wannan shirmen. Ko ka yi shekara ba ka ci ba, ƙashin cinyarka kaɗai ya ninka cinyarta. Ba ƙibarka ce matsalar ba, bambancinku ne. Da wani mai jikinka ne ya zauna a gefenka da na tashi jirgi ina murmushi. Kada ka ɗauka ni ina son ƙarfen nan. Na kai ƙorafi ofis har sun gaji da ganina, na ce a sa wa kowace kujera nata, kullum amsar ita ce ana dubawa. Kafin su gama dubawa, ni ce nake tsayawa ina shan zagi daga iyaye, yanzu har da na gidanmu.

Tunda ba ka yarda da ni ba, ka yarda da kayan aikinka. Ka ɗauki sandar da kake awon yadi da ita, ku zauna a bencin shago kai da Allura kafaɗa da kafaɗa. Maman Allura ta gitta muku sandar, ta sauke ta har sai ta taɓa ka, ta tsaya a nan. Sannan ka ce wa yarinya ta fita. Ka riƙe hannunta ma in ka ga dama. In ta kasa fita, ka rubuto mini, zan zo har shagonka in durƙusa a gaban masu kawo ɗinki in ba ka haƙuri.

Autarku.

*

Yaya,

Babu doguwar gaisuwa yau. Direba ya zo ya koma, ya sake zuwa, kullum sai ya buɗe mini hannu ya ce ba saƙo. Na ɗauka fushi ne kawai, sai jiya Maman Allura ta kira ni tana kuka.

Ta ce jiri ya ɗebe ka a kan keken ɗinki har allura ta huda maka yatsa. Wannan kai ka jawo wa kanka, ba zan ce komai ba. Amma ta ce yarinya ta ji ka kana karanta takarduna kana faɗa, ta kuma tsinci abu ɗaya a ciki, wai ramarta ce ta sa aka sauke babanta, ita ta raba ka da Goggonta. Yanzu cusa abinci take yi har ya dawo, ta wanke baki ta sake komawa kwano, wai tana so ta cike wurin. Yarinyar da likita ya ce a bi cikinta a hankali!

Kai kana ƙin ci, ita tana ɗura, duk don ku yi daidai da wani banzan ƙarfe da wanda ya ƙera shi bai ma san kuna duniya ba. Ka ji kunya, Yaya. Ni ka zage ni iya son ranka, na saba. Amma ka zaunar da 'yar nan ka gaya mata ba laifinta ba ne, tunda ni ka toshe duk hanyar da zan gaya mata. In direba ya sake zuwa hannu wofi, zan bar aikin nan in shigo motarsa, kuma ba da sallama zan shigo shagonka ba.

Auta.

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ki zauna a wurin aikinki, kada ki zo ki tara mini jama'a. Yatsa ya warke. Na koma cin abinci, Maman Allura ta tsaya a kaina kamar mai gadin kurkuku. Allura ma cikinta ya lafa.

Sandar da kika ce, na daɗe ina harararta a jikin bango. Ranar da takardarki ta ƙarshe ta zo na rufe ƙofar shago, na ce mu yi wasa. Muka zauna a benci, uwarta ta sauke sanda har ta taɓa ni. Ban ma gama cewa ta fita ba, sai gani na yi ta sulale ta ƙasa ta miƙe a gabana tana dariya. Ta ce a sake. Na ce to, wannan karon na kama hannunta, riƙo na gaske, irin na asibiti. Na ce wa uwarta in mun shagala ta fizge ta ba tare da ta faɗa ba. Muna cikin hira, yarinya tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu, sai na ji hannuna ya rufe a kan iska. A benci, Auta. Bencin da ko motsi ba ya yi. Ita tana ta ƙyalƙyala dariya wai ta cinye ni, ni kuma ina zaune ina kallon tafin hannuna. Uwarta ce ta ja ta waje don kada ta ga fuskata.

Kada ki ɗauka fushina ya wuce. Har yanzu ina ganin da kin raɗa mini a kunne maimakon ki faɗa kowa yana ji. Amma yawancinsa ya tashi daga kanki ya koma kan wanda ya ƙera abin nan. Wane irin mai sana'a ne zai yanka wando ɗaya ya ce uba da 'ya su shiga tare? Ni in mai tumbi ya zo na auna shi, in mai kamar tsinke ya zo na auna shi, ban taɓa cewa jikin mutum ne ya yi kuskure ba. Ki ci gaba da damunsu a ofis, in suna son wanda zai zo ya yi musu ihu, ki ba su lambata. Na buɗe taki ma, amma kada ki kira yau, ban shirya ba. Maganar haihuwa da na yi miki, bakina ne ya fi hankalina gudu, ke ma uwarta ce.

Na zaunar da ita na gaya mata ba laifinta ba ne, ba kuma na Goggonta ba. Na ce mata alkawarin kujera ɗaya ba zai yiwu ba, ban iya riƙe ta a can sama. Wallahi faɗin wannan ya fi mini saukowa daga jirgin ciwo. Tana wasa da tef ɗina na awo ta ce, "Baba, ba sai ka riƙe ni ba. Ka zauna a bayana ka yi ta ihu, in dai ina jin muryarka na san kana nan." Na ce ni ba na ihu. Uwarta ta yi dariya har da riƙe ciki, wai ni da ƙadangare ya faɗo mini a kafaɗa na tara unguwa.

Za mu zo farkon hutu. Ki ɗauki ranar ba aiki ki zauna kusa da ita, tunda ke ma ba wani auki gare ki ba. Ni a ba ni kujerar baya ni kaɗai, ki kuma gargaɗi mutanenku su toshe kunne. Ki ba direba yadin nan ya dawo da shi, awonki yana kaina.

Abu ɗaya nake so. Kafin jirgin ya tashi, ki dunƙule hannun nan naki ki cusa a kan cinyarta ina kallo. In ya shige ki sauke ta, ko da zan sake zaginki a gaban kowa.

Yayanki.